Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Rage Ci da Saye Don Ya Samu Abin Bayarwa

Wanda samunsa bai taka kara ya karya ba, idan ya ce sai wani abu ya ragu a ƙarshen wata zai taimaki wani, to zai daɗe yana jira. Kuɗi ba sa raguwa da kansu. Duk abin da aka bari a aljihu ba a ware shi don wani abu ba, wata buƙata za ta taso ta lashe shi tun wata bai raba ba. Saboda haka Kirista mai ƙaramin ƙarfi da yake so hannunsa ya zauna a buɗe, sai ya rage abin da yake ci da abin da yake saye da gangan, ya ɗauki abin da ya tsira ya miƙa wa wani.

Ikkilisiya ta san wannan hanya tun farkonta. Manzo Bulus ya shaidi ikkilisiyoyin Makidoniya cewa suna cikin matsanancin talauci, amma su ne suka riƙa roƙonsa a bar su su sa hannu a gudummawar da ake tara wa 'yan'uwa na Urushalima (2 Korintiyawa 8:1-4). A ƙarni na 2, wani Kirista mutumin Atina mai suna Aristides ya rubuta wa sarkin Roma bayanin halin Kiristoci. Ya ce idan akwai mabukaci a cikinsu kuma ba su da rarar abinci, sukan yi azumin kwana biyu ko uku don su ba shi abin da za su ci. Ga yadda ake yin abin a aikace.

Mataki na 1: Ka fara sanin inda kuɗinka ke zuwa

Ka samu ɗan littafi, ko ka buɗe shafi a wayarka, ka riƙa rubuta duk abin da ya fita daga hannunka har wata guda. Kowane dare kafin ka kwanta, kada ka bari sai ƙarshen mako, don ƙananan abubuwa su ne ke saurin ɓacewa a ƙwaƙwalwa, kuma su ake nema. Kuɗin haya kowa ya san nasa. Abin da ke ɓuya shi ne ɗan abin taɓawa da aka saya a hanya, katin waya da aka ƙara sau uku a mako, kuɗin abin hawa zuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa, da rajistar wata manhaja da ake cire maka kuɗinta kowane wata alhali ka manta da ita. Ka duba saƙonnin bankinka ma, har da 'yan kuɗin da bankin ke yanka.

A wannan watan kada ka gyara komai. Ka yi rayuwarka yadda ka saba. In ka fara tsuke hannu don littafin ya yi kyau, kanka ka ruɗa.

Idan wata ya cika, ka zauna da biro ka sa wa kowane layi alama ɗaya cikin uku: abin da ya zama dole, abin da ake buƙata amma ana iya rage shi, da abin da sha'awa ce kawai ko al'ada ta hannu. Ka yi wannan zama da addu'a, don zuciya ta iya kare abin da take so. Za ka ji tana ce maka kowane layi dole ne.

Mataki na 2: Ka ja layin da ba za a ƙetare ba

A nan ne masu zafin nama ke yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya. Akwai abubuwan da ba naka ba ne da za ka rage su: abincin yara, maganin mara lafiya, kuɗin makaranta, haya, kula da iyaye tsofaffi, da bashin da ke kanka. Bulus ya yi magana mai kauri a kan wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa: ya ce ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:8). Yesu kuma ya tsauta wa waɗanda ke cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa taimakon iyayensu (Markus 7:9-13). Mutumin da ake yaba wa hannunsa a majami'a, yaransa kuwa suna kwana da yunwa, da haƙƙin yaran ya yi kyauta.

Bashi ma haka. Wanda ake binsa, ya biya a kan lokaci, don mai cin bashi ya ƙi biya Zabura 37:21 ta kira shi mugu. Wannan bai hana shi bayarwa ba. Ya ba da ɗan kaɗan daga abin da ya rage na sha'awarsa, yana ci gaba da biyan bashin. Abin da ba a yi shi ne cin bashi domin a yi kyauta, ko domin a cika alkawarin da aka ɗauka a gaban taro saboda kunya.

In kana da aure, ka sani ba kai kaɗai za ka yanke wannan shawara ba. Kada uwargida ta wayi gari ta ga kuɗin cefane ya ragu, in ta tambaya a ce mata aikin Allah ake yi. Ku zauna da littafin a tsakaninku. Maganar tana iya zama kamar haka: "Uwargida, ga abin da na ga ina kashewa a kan kaina a wata. Ina so in rage wannan da wannan mu taimaki wani. Ke me kika gani?" Ita ma in ita ce ta fara tunanin, ta ce, "Maigida, ga nawa ɓangaren da zan iya bari." Kowa ya fara da nasa. Ba daidai ba ne mutum ya riƙe nasa jin daɗin ya zaɓa wa abokin zamansa abin da zai sadaukar.

Zancen ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma, ikkilisiyoyi sun bambanta a kan yadda suke koyar da shi, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi a gaban Allah. Ma'aunin da ya shafi wannan aiki yana 2 Korintiyawa 8:12: in akwai niyya, ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a neman abin da ba shi da shi.

Mataki na 3: Ka san wanda za ka ba tun kafin ka fara ragewa

Rage kashe kuɗi ba tare da sanin inda rarar za ta je ba, tattali ne kawai, kuma tattali in ya daɗe ba shi da mafita yakan rikiɗe ya zama rowa. Ka zaɓi mutum ɗaya, ko gida ɗaya, ko aiki ɗaya. Gwauruwar da ke zama a layin baya a majami'a, maraya da ake yawan kora daga makaranta, maƙwabci da ciwo ya kwantar, ko asusun taimakon mabukata na ikkilisiyarku. Yakubu 1:27 ya ambaci marayu da gwauraye, Galatiyawa 6:10 kuma ta ce a kyautata wa kowa, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba. "Kowa" ɗin nan ya haɗa da maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba.

Ɗaya ya isa a farko. Ɗan abin da ke hannunka in ka raba shi gida biyar ba zai tsinana wa kowa komai ba, amma in yana zuwa wa mutum ɗaya a kai a kai, mutumin zai iya dogara da shi ya tsara rayuwarsa. Ranar da ranka ya biya da abin da ka ce ka bari, fuskar wannan mutum ce za ta riƙe hannunka.

Mataki na 4: Ka zaɓi abu biyu ko uku, ka bar sauran

Wanda ya ce zai canza komai rana ɗaya, mako biyu ya yi yawa ya gaji. Ka koma littafinka ka ɗauki abu biyu ko uku daga layin sha'awa da layin da ake iya ragewa.

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne abin da ake zubarwa, don rage shi ba ya sa kowa yunwa. Bayan Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya ce a tattara gutsattsarin da suka rage kada kome ya lalace, aka cika kwando 12 (Yahaya 6:12-13). Ka duba madafa kafin ka fita cefane, ka rubuta abin da babu, ka saya shi kaɗai. A dafa daidai bakin da ke gida. Abin da zai riga lalacewa a fara cin sa. Kada ka je saye da yunwa a cikinka, ido zai fi aljihu girma. Haka wuta da ruwa: fitilar da ke ci a ɗakin da ba kowa, famfon da ke ɗiga dare da rana, duk kuɗi ne.

Na biyu, ka sa wa kanka dokar jira. Duk abin da ba dole ba, in ka gan shi ka ji kana so, ka rubuta shi ka ba shi mako guda. In babba ne, wata guda. Yawancin abubuwan da ke jerin, in lokacin ya cika za ka tarar sha'awarsu ta kwanta. Wanda har yanzu kake buƙata, ka saya hankali kwance. Wayarka ma ka taimaki kanka da ita: ka kashe sanarwar manhajojin saye da sayarwa, ka daina bin shafukan da aikinsu kawai nuna maka abin da ba ka da shi. An tsara talla ne don ta sa ka ji rayuwarka ba ta cika ba, kuma masu yin ta sun ƙware.

Na uku, gyara da aro. Takalmin da ya ɓalle a ɗinke, rigar da ta yage a kai wa tela, wayar da batirinta ya mutu a canza batirin. Kayan aikin da sau ɗaya ko biyu ake buƙatarsa a shekara, a ara wurin maƙwabci, a mayar da shi lafiya kuma a kan lokaci, kai ma ka ba da aron naka.

Akwai kuma kashe kuɗin da ake yi don idon mutane, wanda ya fi kowanne wuyar bari: sabuwar sutura a kowane taro, kyautar da ta fi ƙarfin mai bayarwa don kada a raina shi, canza waya don abokai sun canza. In ka rage wannan, za a yi magana. Ka shirya amsa gajeriya, "Bana ban samu hali ba," ka tsaya a nan. Ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba.

Hattara da abu biyu. Araha ba kullum take zama sauƙi ba. Abin da za ka saya sau uku a shekara saboda yana lalacewa ya fi mai ƙwari tsada, don haka in da hali ka tara ka sayi mai ƙarko. Na biyun ya fi muhimmanci: kada ka samo rararka daga wuyan wanda ya fi ka talauci. Matse ƙaramin mai sayarwa har ya sayar maka ba riba, rage wa mai aiki ladansa, ko ja masa rai kafin ka biya shi, sannan ka kai kuɗin majami'a, wannan ba karimci ba ne. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa a ranar, kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka.

Mataki na 5: Ka cire kuɗin nan take

Duk aikin a nan yake tsayawa ko ya rushe. Kuɗin da ka ƙi kashewa amma ka bar shi cikin sauran kuɗinka, kamar ruwa ne da aka zuba a rariya. Da yamma za ka neme shi ka rasa, ba ka kuma san abin da ya ci shi ba.

Ka tanadi wuri dabam: ambulan, gwangwani mai murfi, ko wani asusu da ba ka taɓa shi don hidimar yau da kullum. Duk lokacin da ka fasa sayen wani abu da ka saba saye, ka ƙirga kuɗinsa daidai ka sa a wurin a ranar. Ka taka da ƙafa maimakon hawa mota? Kana isa gida kuɗin motar ya shiga gwangwani kafin ka cire takalmi. Wani tsohon littafin Kirista da aka rubuta a Roma a ƙarni na 2, Makiyayi na Hermas, haka ya koyar game da azumi: mai azumi ya lissafa kuɗin abincin da zai ci a ranar, ya ba gwauruwa ko maraya ko mabukaci. Ishaya 58:6-7 ma ya haɗa azumin da Allah yake so da raba abinci da mayunwaci. Mai lafiya yana iya barin cin abinci sau ɗaya a mako ya yi hakan. Mai ciki, mai shayarwa, yara, da mai ciwon da ke buƙatar cin abinci a kan lokaci, kamar ciwon sukari, su nemi wani abin su rage.

Wanda kuɗi ba sa yawan ratsa hannunsa, ya ware daga abin da yake da shi. A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya, matan ikkilisiya suna da wata hanya tun wajen 1910: duk lokacin da mace ta auno shinkafar da za ta dafa, sai ta damƙi cikin hannu ɗaya ta zuba a wani mazubi dabam. Ba wanda ke tashi daga cin abinci da yunwa saboda damƙi ɗaya. Ana tattara shinkafar a kai majami'a, a sayar, kuɗin ya shiga aikin ikkilisiya, kuma har yau ana yi.

Sai ka sa rana. Bulus ya ce wa Korintiyawa kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu ya ajiye gwargwadon samunsa (1 Korintiyawa 16:2). Mai albashi ya ware a ranar da albashi ya shigo. Mai samun yau da gobe ya ware kowace yamma, ko da ƙwandala ce. A ce samunka na wata kashi 100 ne, dole ta cinye 85, ka gano 15 na tafiya a sha'awa da ɓarna. In ka ceto 6 daga ciki, kana iya ba da 3 ka ajiye 3 don ranar da ba a fata. Ajiyar tana da amfani ga bayarwar kanta, don gidan da ba shi da ko sisi a gefe, ciwo ɗaya zai tsayar da kyautarsa ya jefa shi bashi.

Mataki na 6: Ka buɗe akwatin kayanka

Yahaya Maibaftisma ya ce mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ita (Luka 3:11). Basil, bishop na Kaisariya a ƙarni na 4, ya yi wa'azi cewa rigar da ke ajiye a akwatinka ta mara sutura ce, takalmin da ke ruɓewa a wurinka na mai tafiya ba takalmi ne. Ka fito da duk abin da shekara ta zagayo ba ka taɓa ba. Ka wanke, ka goge, ka ɗinke maɓallin da ya fita. Abin da kai za ka ji kunyar sawa, tsumma ne, kada ka kai wa mutum.

Mataki na 7: Ka sa wa rayuwarka iyaka tun samu bai ƙaru ba

John Wesley, mai wa'azin nan na Ingila da ya rasu a 1791, ya ba da labarin wani matashi a Oxford, wanda da yawa suke ganin shi kansa yake nufi. Samunsa fam 30 ne a shekara, yana rayuwa da 28, ya ba da 2. Da samun ya kai 60, ya ci gaba da rayuwa da 28 ya ba da 32. Ya kai 90, ya ba da 62. Ya kai 120, ya ba da 92.

Mai iyali a zamanin da farashi ke hawa ba zai iya daskarar da adadi haka ba, kuma bai kamata ya ɗora wa kansa laifi ba. Abin ɗauka shi ne a yanke shawara tun ƙarin bai zo ba. Ka rubuta yau: in samuna ya ƙaru, kashi kaza na ƙarin na bayarwa ne. In ka bari sai kuɗin sun shigo, za ka tarar buƙatu sun riga su isowa. Bulus ya ce in muna da abinci da sutura, mu yi wadar zuci da su (1 Timoti 6:8), a wani wurin kuma ya ce shi kansa koyon wadar zucin ya yi (Filibiyawa 4:11-12).

Mataki na 8: Ka miƙa ba tare da ka zubar wa mutum mutunci ba

Kada abin ya daɗe a gwangwani. Ranar da ka sa ta zo, ka kai. Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi (Matiyu 6:3-4), don haka ba hoto, ba sanarwa, ba kuma "shaida" a gaban jama'a da za ta sa kowa ya gane wanda aka taimaka.

Ka dubi yadda Bo'aza ya yi da Rut, gwauruwar da ta zo yin kala a gonarsa. Doka ta riga ta ce mai gona kada ya girbe har gefe, ya bar kala don matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Bo'aza ya ƙara a kan haka: ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zare zangarniya daga dammuna da gangan suna yar mata, kada kuma su tsauta mata (Rut 2:15-16). Ta koma gida da hatsin da ta tsinta da hannunta, kanta a ɗage. Kai ma ka nemi irin wannan dabara. Ka biya kuɗin makarantar kai tsaye, ka sayi kayan da matar ke sayarwa ba tare da neman ragi ba, ko ka bi ta hannun dattijon ikkilisiya mai riƙon asiri. In za ka ba da hannu da hannu, ka tambaya tukuna: "Mama, me ya fi matsa miki a wannan watan?" Sau da yawa abin da ka zata ba shi ne ba. In ka ba, ka saki. Ba ka sayi ikon tsara wa mutum rayuwa ba, ba kuma dole ya riƙa gaishe ka da rusunawa ba.

In ta asusun ikkilisiya ko wata ƙungiya kake bayarwa, tambayar yadda aka kashe kuɗin ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus da kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ya tafi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya samu abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). Wanda kuma ya ce maka ka kawo kuɗin hayarka Allah zai ninka maka kafin ƙarshen wata, ka riƙe kuɗin hayarka ka biya mai gida.

Mataki na 9: Bayan wata uku, ka sake zama da littafin

Ka duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Ragin da ke jawo faɗa a gida kullum, a sassauta shi a nemi wani. Wanda ya zama jiki har ba a jin sa, a ƙara wani a kansa. Ka duba zuciyarka ma: in ka fara ƙirga abin da wasu ke ci da abin da suke sawa, ko kana jin haushi duk ranar bayarwa, ka rage adadin zuwa inda za ka iya bayarwa da fara'a, don 2 Korintiyawa 9:7 ta hana bayarwa da ɓacin rai ko a kan tilas.

Watan da ciwo ya shigo ko aiki ya tsaya, ka gaya wa wanda ya saba karɓa tun da wuri don kada ya sa rai. In ba kuɗi, akwai rakiya zuwa asibiti, riƙon yara na yini ɗaya, gyaran rufin da ke yoyo, ko ɗinki irin na Dokas, wadda gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus rigunan da ta yi musu (Ayyukan Manzanni 9:39). In kuma kai ne abin ya ci a wannan karon, ka faɗa wa 'yan'uwa, ka karɓi abin da suka kawo. Bulus ya ce wa Korintiyawa game da 'yan'uwa na Urushalima: yalwarku ta yanzu ta biya rashinsu, domin wata rana tasu ta biya naku (2 Korintiyawa 8:14). Idan abubuwa suka daidaita, ka koma gwangwaninka daga adadin da za ka iya a lokacin, ko da bai kai na da ba.